Zancen Malam: Yaron Da Ya Iya Miya A Kwamfuta

 A wannan wata zancenmu a kan wuta ne da tukunya, da wani wasan kwamfuta.

Kwanan baya muka ziyarci gidan wani ɗan'uwa da maraice. Muka tarar da ɗansa, yaro mai shekara 15, ya ƙura wa kwamfuta ido. Muka tambaye shi abin da ya ke yi. Ya ce, "Malam, miya na ke dafawa." Muka duba, ba tukunya, ba hayaƙi. Sai muka jawo kujera muka zauna kusa da shi, gama malami ba ya ƙin koyo.

Sunan wasan Project Zomboid. Wani ƙaramin kamfani mai suna The Indie Stone ne ya fara fitar da shi a shekarar 2011. Labarin cikinsa ƙage ne. An ce wai a watan Yuli na 1993 wata cuta ta faɗa wa wani yanki na jihar Kentaki a Amurka, wajen garuruwan Muldraugh da West Point. Ta mai da mutane gawawwaki masu yawo, suna neman mai rai su cije shi. Su ne a ke kira zombi. Mai wasa shi ne ya ke bi da wani mutum ɗaya da ya ragu da rai. Ba a cinye wasan nan. Kwanakin da mutumin ya yi kafin ya mutu, su a ke ƙirgawa. Akwai jini da ban tsoro a ciki, saboda haka ba na ƙananan yara ba ne.

Da fari mun zaci faɗa ne kaɗai. Ashe yunwa da ƙishirwa ma suna kisa a ciki. A kwanakin farko akwai lantarki, akwai ruwan famfo, firji cike da abinci. Amma bisa ga tsarin wasan na kullum, kafin wata guda ya cika sai lantarki ya ɗauke, famfo kuma ya bushe. Nama da madara su lalace. Abincin gwangwani ya kan daɗe, amma shi ma ya kan ƙare. Daga nan sai wanda ya iya hura wuta.

Yaron ya nuna mana yadda a ke yi. A fitowar wasan ta 2021, wadda ya ke da ita, a kan haɗa murhu da katako 3 da tsumma. Sa'an nan a sa itace ko ƙirare, a kunna da ashana da 'yar takarda. In babu ashana, sai a sami katako mai ɗan rami da sanda, a yi ta murzawa. Wannan ya kan gajiyar da mutumin, wani lokaci ma sandar ta karye wuta ba ta kama ba. Muka tuna da ƙyastun kakanninmu.

In wuta ta kama, sauran aiki na nan. Ruwan kogi ba ya shawuwa sai an tafasa shi. Ɗanyen nama ya kan sa ciwo. Wanda ya ɗora nama ya tafi sha'aninsa, zai komo ya iske gawayi. A kan zuba ruwa a tukunya, a sa nama da kabeji da karas da gishiri, ta zama miya, kuma mutumin cikin wasan ya kan sami kwanciyar rai in ya sha ta. Wuta kuwa ba ta da aboki. In zombi ya taka ta ba ya faɗuwa nan da nan, sai ya yi ta yawo yana ci da wuta, har ya cinna wa gida. Yaron ya ce ta haka ya taɓa rasa gida da kayan abincin da ya yi wata biyu na cikin wasa yana tarawa.

Muna cikin wannan, sai aka ɗauke wuta, ta gaske. Kwamfuta ta mutu. Uwar gida ta leƙo ta ce gas ma ya ƙare, ga baƙo bai ci kome ba. Ta ce wa yaron ya hura mata gawayi. Muka ce a ranmu, yau za mu ga aikin gwani.

Ya cika murhu da gawayi har baki, ya kafa ashana a kai. Ta mutu. Ya sake, ta mutu. Ya ƙone rabin kwalin ashana, idonsa ya yi ja. Sai ƙanwarsa mai shekara 10 ta zo ta rage gawayin, ta sa ƙirare a tsakiya, ta bar wa iska hanya, ta ɗauki faifai ta yi fifita. Kafin a jima ruwa ya tafasa.

Ba mu yi masa dariya ba, gama laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Yaron ya san dukan ka'idodin. Ya san a tafasa ruwa, ya san kada a bar wuta ba mai tsaro. Kansa ya sani, hannunsa ne bai sani ba. Gani ba ci ba ne. Wa ya taɓa kiransa bakin murhu? A gidajenmu da yawa mu kan ce girki na mata ne, mu kori yaro namiji daga madafa. Sa'an nan ya tafi makarantar kwana ko bautar ƙasa, ya zauna da yunwa alhali ga shinkafa a buhu.

Abin mamaki, waɗanda suka shirya wasan nan sun zauna sun yi tunani: in lantarki ya tafi, mene ne zai rayar da mutum? Amsar da suka samu ita ce abin da iyayenmu mata su ke yi kowace safiya, ba wanda ya ke yaba musu.

Saboda haka, iyaye, ga shawararmu. In ɗanku yana irin wasan nan, kada ku tsaya ga faɗa kaɗai. Ku zauna ku ce ya nuna muku. Sa'an nan ku ce, "To, zo ka yi mana ta gaske." Ku ba shi duwatsu uku da ƙirare da ashana a tsakar gida, nesa da zana da danga, da bokitin ruwa kusa, kuna tsaye. Kada ku yarda ya zuba fetur. Ya dafa wake, ya kashe wutar sarai in ya gama. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mako biyu bayan haka yaron ya tare mu a bakin makaranta da ɗan kwano a rufe. Dafa-duka ce. Gishiri ya yi yawa, ƙasan kuma ya kama. Muka cinye sarai.

Sai wata mai zuwa. Ku huta lafiya.