Da Za A Yanka Wa Boka Lasin

Duk wanda ya karanta littattafan hira na farko da aka buga da Hausa, tun daga Ruwan Bagaja da Ganɗoki har zuwa Iliya Ɗan Maiƙarfi, ya san marubutanmu ba sa jin nauyin sanya aljani ko laya ko wani abin al'ajabi a cikin labari. Sai dai akwai wata tambaya da ban ga sun damu da ita ba, watau ina hukuma take a lokacin da ake waɗannan abubuwa? Alhaji Imam ya komo gida da ruwan Bagaja, ba mu ji wani duba-gari ya tare shi a ƙofar gari ya ce sai an kai ruwan asibiti an auna ba. To, ni wannan tambaya nake so in ɗora a gaban malamaina da 'yan'uwana ɗalibai. A ce gobe mu wayi gari kowace laya tana ci, kowane asiri yana kamawa duk sa'ad da aka yi shi, kamar yadda ashana ke kamawa in an ƙyasta, yaya Gwamnati za ta yi? Mai karatu zai ga kamar raha ce, amma a ƙarƙashinta akwai ran mutane.

Tun da fari, ba gardamar addini na zo yi ba. Alƙur'ani mai girma ya ambaci sihiri a aya ta 102 ta Suratul Baƙara, an kuma umurce mu da neman tsari daga gare shi a Suratul Falaƙi, malamai sun haramta shi, littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu ya tsananta hukuncin mai yin sa. Maganata a kan alƙali ce da ɗan sanda da ma'aikacin ofis, waɗanda aikinsu ba ya tafiya sai da takarda da shaida.

Mu ɗan saki linzamin tunani. Ranar da layar zana da baduhu suka tabbata, ba bankin da zai buɗe ƙofa, ba kuma gandiroban da zai yi barci. Maganin ƙarfe da kau-da-bara kuwa, kafin azahar soja sun ce nasu ne, duk ɗan taurin da aka samu da shi ba izini an tafi da shi bariki. Hukumar jarrabawa za ta rasa yadda za ta yi da yaron da ya sha rubutu ya haddace littafi a dare ɗaya: satar amsa ya yi, ko ƙoƙari? Alƙalin aure shi ne abin tausayi. Mace ta zo ta ce kishiya ta yi mata farraƙu, miji ya ce sakin da ya yi ba da hankalinsa ya yi ba, an mallake shi ne, to sakin ya auku ko bai auku ba? 'Yan siyasa kuwa ba sai an faɗa ba, kowa zai nemi mai yi wa abokin takararsa kurciya ya bar gari har a gama ƙidayar ƙuri'a.

Mun san halin Gwamnati, abin da ta kasa hanawa sai ta yi masa rajista. Za a kafa hukuma, a naɗa mata shugaba da sakatare da mota, a buga fom, a yanka lasin, a sa haraji. Kada a ce na yi nisa, don a ƙasar Romaniya a ranar 1 ga watan Janairu na 2011 aka shigar da bokaye da masu duba cikin jerin masu sana'a domin su riƙa biyan harajin kashi 16 cikin ɗari, su kuwa suka yi barazanar jifan shugabannin ƙasar da sammu. Bayan lasin sai makaranta, bayan makaranta sai digiri, daga nan sai masu kuɗi su saye asirai masu kyau su bar wa talaka tarkace. Tsohon bokan ƙauye, wanda ya gaji abin kaka da kakanni amma bai iya cika fom ba, shi za a wayi gari ana kira ɗan jabu.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne Bahaushe ya riga ya yi wannan tsari tun kafin a san fom. A ƙasar Hausa sana'a ba ta zama ba shugaba, kuma waɗannan ma ba a bar su sakaka ba. Akwai Sarkin Bori da Magajiya, a Gobir akwai Inna wadda take da babban matsayi a fada, akwai Sarkin Maƙera mai wasa da wuta, akwai Sarkin Ruwa, akwai kuma Sarkin Mayu. Tarihin Kano ya ba mu labarin Barbushe da Tsumburbura a Dala, da kuma Dirki, wanda sarakunan Kano suka riƙe har zamanin Alwali. Ta wajen malamai kuwa, Muhammadu Alkashinawi, mutumin Katsina wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya wallafa littattafai da Larabci a kan hatimi da lissafinsa, har yau masana lissafi suna ambatonsa. Amfanin wannan tsari shi ne akwai wanda za a kama in abu ya ɓaci. In yaro ya kwanta aka ce kamun maye ne, akwai ƙofar da za a nufa, akwai wanda zai bincika, kuma galibi abin yakan ƙare a kan a sa wanda ake tuhuma ya tsallaka majinyaci. Ba ina yabon wannan ba ne. Wulaƙanci ne babba, kuma tabon ba ya fita, tun da an ce maita a nono ake shan ta, sai a ƙaurace wa auren 'ya'yan gidan har jikoki. Amma dai an san inda ƙara take farawa da inda take tsayawa.

Jihadin 1804 ya raunana wannan tsari, musamman bori, zuwan Turawa a 1903 ya ƙara. Su Turawa sun zo da ra'ayin da suka riga suka yanke a gida. Tun 1735 dokar Ingila ta daina hukunta mutum don ya yi maita, ta koma hukunta wanda ya yi da'awar yana da ita, a kan cewa mayaudari ne. A 1951 suka sauya dokar, a 2008 kuma suka mayar da al'amarin duka ƙarƙashin dokar kare mai saye daga algus, watau boka da mai sayar da man shafawa hukuncinsu ɗaya. Ɗiyar wannan ra'ayi ce ta shigo cikin Final Kod na Jihar Arewa, wanda aka zartar a 1959 ya fara aiki a 1960. Sashe na 216 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko tara, ga wanda ya nuna kansa maye ne, da wanda ya tuhumi wani da maita, da mai yi ko sayar da layar da aka ce tana hana mutum abin da yake da hakkin yi ko ta tilasta masa abin da ba ya so.

A duba da kyau. Doka ta kama mai cewa "ni maye ne", ta kama mai cewa "kai maye ne", amma ta ƙi buɗe baki ta ce ko akwai maitar ko babu. A takarda wannan dabara ce. A ƙauye kuwa ga yadda take zama: mutum ɗansa yana ramewa, cikin zafin zazzaɓi yana kiran sunan wata tsohuwa maƙwabciya, ya tabbata a ransa ta kama kurwar yaron, in ya je gaban alƙali sai a ce masa ai kai ne mai laifi. Saboda haka ba ya zuwa. Sai ya tara matasa da sanduna. Ita kuma hukuma, da yake ba ta da matsayi, in abin ya zo mata sai ta ruɗe. A watan Janairu na 2009 'yan banga a Ilori suka kai wa 'yan sanda akuya, suka ce ɓarawon mota ne ya rikiɗa da suka biyo shi, aka kuwa tsare akuyar, jaridun duniya suka yi ta yi mana dariya. Ba a yi dariya ba a 2023, lokacin da jita-jitar shafi-mulera ta game Abuja, aka yi ta dukan bayin Allah a titi don kawai sun gaisa da wani.

Wani zai ce, to me zai hana kotu ta karɓi ƙarar maita sosai, a huta? An gwada, kuma ba nesa ba. Sashe na 251 na dokar laifuffuka ta Kamaru ya tanadi ɗaurin shekara 2 zuwa 10 a kan maita da tsafi, kuma tun wajen 1980 kotunan lardin Gabas na ƙasar suka riƙa ɗaure mutane bisa shaidar bokaye. A nan ne gizo ke saƙa. Shi wannan mai shaida da me ya gani? Da irin ilmin da ake ɗaure wancan a kansa. Wa ya biya shi? Mai ƙara. In ya ce bai ga kome ba kasuwarsa ta mutu. Shari'ar Musulunci ta ɗora wa mai da'awa kawo hujja, ta nemi shaidu adilai waɗanda suka gani da idonsu. Wane adili ne zai dafa Alƙur'ani ya ce ya ga kurwa a cikin tulu? Ko a waccan duniya da muka ƙaga, inda kowane asiri yake ci, alƙali ba zai iya hukunci ba sai an ba shi ma'auni, wanda ko wa ya auna zai sami amsa ɗaya. Ran da aka sami wannan ma'auni kuwa, abin ya tashi daga asiri. Harshenmu ma ya faɗa mana haka, gama kalmar da muke kiran sammu da ita, ita ce muke roƙon Allah Ya rufa mana. Abin da aka baje a faifai kowa ya auna, sunansa kimiyya, a Sashen Haɗa Magunguna za a koyar da shi.

Don haka ni a ganina lasin laya aikin banza ne, kuma da malamai sun tashi a kansa da na bi bayansu, domin hatimin Gwamnati a kan laya shaida ce ta cewa tana ci. Amma kalmar magani faɗi gare ta, ta haɗa laya da sassaƙe. Abin da ake jiƙawa a sha, ko a turara, ko a ɗura wa jariri, wannan ana iya auna shi, kuma tun da aka kafa hukumar NAFDAC a 1993 akwai inda za a kai shi. Gana ta yi dokar masu maganin gargajiya a 2000, Afirka ta Kudu a 2007. Haka nan kuɗin da aka karɓa bisa alkawarin ninka su, ko ba da haihuwa, ko kujerar mulki, wannan zamba ce, ba a bukatar sanin ko aljani ya zo ko bai zo ba. Wanda ya nemi sassan jikin mutum kuwa, kamar yadda aka yi ta kashe zabiya a Tanzaniya har Gwamnatin ƙasar ta haramta bokanci irin na duba a 2015, wannan kisan kai ne, shi da wanda ya aike shi. Sauran abin da bai cuci kowa ba a ƙyale shi. 'Yan kokawar Nijar tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975 suke shiga fili da layu da guraye, kowa na gani, kuma duk da haka ɗaya ne ke kai ɗaya ƙasa.

Inda nake so doka ta yi tsanani shi ne wajen nuna yatsa. A lura da waɗanda ake tuhuma. Ban taɓa jin an taru a ƙofar mai gidan bene an ce ya fito ya tsallaka yaro ba. Kullum tsohuwa ce wadda mijinta ya mutu, ko wadda ba ta da ɗa namiji, ko baƙuwa, ko mai taɓin hankali, ko wadda take zaune a kan gonar da wani yake so. A arewacin Gana har ƙauyukan gudun hijira gare su, irin na Gambaga. A 2020 aka kashe wata tsohuwa mai shekara 90 da duka a bainar jama'a a can, Majalisar ƙasar ta zartar da dokar hana tuhumar maita a 2023, amma shugaban ƙasa na lokacin bai sa mata hannu ba. Mu kuwa muna da dokar tun 1960, aiki da ita ne ba mu yi. Kuma ɗauri kaɗai ba zai wadatar ba, muddin uban yaron nan ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Gurbin da Sarkin Mayu ya bari har yanzu a buɗe yake. Kamata ya yi a ɗora wa dagaci da limami da malamin asibiti na kowace gunduma nauyin sauraron irin wannan kuka, da sharaɗin abin da za a fara yi shi ne kai majinyaci a auna jininsa, a kuma kawar da wadda ake tuhuma daga idon jama'a. Zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai yana sa sambatu, sanƙarau ma haka, farfaɗiya da amosanin jini da tamowa duk an sha kiran su kamun maye.

Akwai kuma wani aiki da ya rataya a wuyanmu mu 'yan wannan Sashe. Dokar nan da Ingilishi aka rubuta ta, da kalmomi biyu ko uku ta tattara kome ta ƙulle. Bahaushe kuwa ya bambanta maita da sihiri, ya bambanta tsafi da bori, ya bambanta boka da malamin tsibbu, ya bambanta sammu da kambun baka, ya san mai ganye daban, mai duba daban. Maye a wurinsa gado ya yi, mai sammu kuwa saye ya yi da kuɗinsa da niyyarsa, ko kusa laifinsu ba ɗaya ba ne. Tafintan kotu da aka ba shi kalma guda ya fassara, wacce zai ɗauka a cikin waɗannan? Duk wadda ya ɗauka, da ita za a karanta wa mutum tuhuma, da ita kuma za a tambaye shi ko ya amsa laifinsa.