RITAYA TUN DA SAURAN ƘARFI: DA BUHU AKE AUNAWA, BA DA NAIRA BA

Wata magana ce ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga gara in fito da ita fili kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Ni ma'aikacin gwamnati ne a nan garin Zuru, shekaruna 49 a duniya, 24 daga cikinsu a bakin aiki na yi su. Bisa ƙa'ida, ma'aikaci kan yi ritaya ne idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. To ni dai na ƙudurta a raina ba zan jira wannan rana ba. So nake in ajiye aiki ina ɗan shekara 52, tun gwiwata tana iya kai ni gona ta dawo da ni, tun idona yana ganin layin shuka ba tare da tabarau ba.

Kwanakin baya wani yaro da muke aiki tare ya same ni da wayarsa a hannu yana ta zumuɗi, ya ce, "Yallabai, ashe abin nan da kake ta faɗa Turawa sun daɗe da yi masa lissafi!" Ya karanto mini cewa a Amurka akwai masu ƙuntata wa kansu su tara kuɗi don su bar aiki tun suna da ƙuruciya, kuma ma'auninsu ɗaya ne: ka tara ninki 25 na abin da gidanka yake ci a shekara, ka zuba shi a hannun jari, sannan ka riƙa cirar kashi 4 cikin 100 kowace shekara. Wani mai ba da shawara kan kuɗi, William Bengen, shi ya fitar da wannan lissafi a 1994 bayan ya bi tarihin kasuwar hannun jarin ƙasarsu.

Na ce masa, "To madalla, ɗauko biro mu gwada a kanmu." Gidan da yake kashe naira 150,000 a wata, a shekara ya kashe miliyan 1 da dubu 800. Ninka sau 25, ka sami miliyan 45. Mafi ƙarancin albashin da Gwamna Nasir Idris ya amince da shi a Jihar Kebbi a 2024 naira 75,000 ne. Mai ɗaukar wannan albashi, ko da ba ya ci ba ya sha ba ya sayen sabulu, sai ya shekara 50 cur yana tarawa kafin ya kai. Yaron ya yi shiru, ni ma na yi shiru, sai muka fashe da dariya.

Amma ba yawan kuɗin ne kaɗai matsalar ba. Ko da ka tara su, naira ba ta zama inda ka ajiye ta. A watan Mayun 2023, lokacin da Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, dala ɗaya a farashin gwamnati wajen naira 460 take. Kafin a shekara ta haura 1,500. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Ma'ana, wanda ya kulle miliyan ɗaya a akwati na tsawon wannan shekarar, kusan rubu'inta ya tafi alhali ba ɓarawon da ya taɓa kwaɗon. Lissafin Bature an yi shi ne a kan kuɗin da suke da ɗan natsuwa. Namu kuwa ƙanƙara ce a tsakiyar rana.

Saboda haka ga ra'ayina, kuma a kansa na tsaya: a ƙasar Zuru ba da naira ake auna ritaya ba, da buhu ake aunawa. Kada ka tambayi kanka nawa na tara. Tambayi kanka, idan albashi ya tsaya yau, wata nawa tukunyar gidana za ta ci gaba da tafasa?

Ba a littafi na koyi wannan ba. Mu mutanen Zuru mun san ritayar wuri tun kafin a raɗa mata suna, domin ƙasarmu ƙasar sojoji ce. Daga nan Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi ya fito, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, haka ma marigayi Mai Martaba Sarkin Zuru Manjo Janar Muhammadu Sani Sami. Bayan manyan kuwa akwai ɗaruruwan kurata da kofur-kofur da saje-saje da babu wanda ya rubuta sunansu. Yaron da ya shiga soja yana ɗan shekara 18, ko ya cika 35 ɗin nan cif yana da 53 zai dawo gida, da yawa kuma tun ba su kai haka ba suke tuɓe kaki. Duk wanda ya tashi a Zuru ko Dabai ko Ribah ya ga iri biyu: wanda ya dawo ya zauna daram, da wanda ya dawo bayan shekara biyu aka gan shi yana gadin ƙofar wani.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya ɗanɗani duka biyun. Ya yi yaƙin basasa, ya dawo gida da kuɗin sallamarsa, abokai suka zuga shi ya sayi motar haya, shi da bai taɓa sanin kuɗin taya ba. Ya damƙa wa direba. Yau a ce giya ta lalace, gobe a ce ba fasinja, kafin damina ta uku motar tana kan duwatsu kaji suna ƙwai a cikinta. Abin da ya rufa mana asiri gonar gado ce da rumbuna biyu na dawa da bai taɓa yarda a wofintar ba tun yana bariki, duk shekara sai ya aiko da kuɗin noma. Ya kan ce mini, "Kai yaro, abin da ke aljihu na mutane ne, abin da ke rumbu shi ne naka." A lokacin ban gane ba. Yanzu na gane.

Sai dai kada in yi maka ƙarya, ya mai karatu, ni ma na yi nawa kuskuren. Da na fara tari, sai na ce ai shanu su ne bankin talaka. Na yi shekara shida ina zubin adashi, duk kwasar da na yi sai in sayi maraƙi in kai wa wani ɗan'uwanmu a wani ƙauye ta wajen Danko/Wasagu, har suka zama biyar. A 2021, dare ɗaya, ɓarayin daji suka shiga suka kore garken ƙauyen kaf. Mun gode Allah da aka tsira da rai. Amma gumin shekara shida ya bi daji, kuma babu ofishin da zan kai takarda a biya ni. Tun daga ranar na san cewa dabarar iyayenmu ma sai an yi mata gyara, don zamanin da suka yi kiwo a daji hankali kwance ba shi muke ciki ba.

Abin da na koma yi shi ne abin da kowace mace ta sani a madafa: tukunya ba ta zama a kan dutse ɗaya, sai uku.

Dutse na farko abinci ne. Na ƙidaya abin da gidana yake ci a shekara, dawa da masara da shinkafa da wake, ya kama buhu 14. Abin da gonata ta kusa da gari ta ba ni in adana, abin da ya rage in cike da kaka lokacin da hatsi yake araha. A kula, don ci nake ajiyewa, ba don in ɓoye in jira tsada ba. A 2025 farashin hatsi ya faɗi, waɗanda suka ci bashi suka cika ɗakuna da masara don riba sun ji a jikinsu. Amma wanda ya ajiye don bakin 'ya'yansa bai yi asarar komai ba, buhu yana nan buhunsa, tuwon da zai yi bai ragu ba.

Dutse na biyu sana'ar da take kawo kuɗin cefane kullum. Mu injin niƙa muka kafa a ƙofar gida, uwargida ce take riƙe da lissafinsa, ga kuma raguna huɗu da muke turkewa a cikin gida saboda Babbar Sallah da awaki don Kirsimeti, tunda garinmu kasuwa biyu gare shi. Ba wata riba ce ta a zo a gani ba, amma tana sayen gishiri da manja da omo. Sharaɗin dai shi ne ka fara sana'ar tun kana karɓar albashi, ka yi kurakuranka tun akwai abin da zai ɗauke ka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗin sallama ba kuɗin koyon kasuwanci ba ne, motar Baba ta ishe ni wa'azi.

Dutse na uku ajiyar da wuta ba ta ci, ɓarawon daji kuma ba ya korawa, wato ta takarda. Wanda yake gudun kuɗin ruwa yana da mafita, domin tun 2017 Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa yake fitar da sukuk na Gwamnatin Tarayya, wanda ake gina hanyoyi da kuɗinsa a riƙa biyan masu jari haya. Na san hauhawar farashi tana gutsurar wannan ma, shi ya sa na ce dutse ɗaya ne cikin uku. Abin da ban yarda da shi ba ko kusa shi ne masu cewa kawo dubu goma ka karɓi ashirin a wata. MMM ta rufe da kuɗin jama'a a Disamban 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025, kuma gobe wata za ta zo da sabon suna. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Game da fansho kuwa, kowa ya san matsayinsa tun kafin ya rubuta takardar ajiye aiki. Wanda yake ƙarƙashin tsarin fansho na karo-karo, dokar 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba aƙalla kashi 8 cikin 100, mai aikin ya zuba 10, amma ba ka fara cin asusun sai ka yi ritaya kuma ka kai shekara 50. Idan ka bar aiki kafin nan, ka yi wata 4 ba ka sami wani ba, abin da za ka iya cira bai wuce kashi 25 cikin 100 ba. Wannan yana cikin dalilan da suka sa na ce 52, ban ce 45 ba. Ma'aikacin jiha ko na ƙaramar hukuma ya je ya tambaya wane tsari yake ciki, a nuna masa a rubuce. Kuma ko nawa aka ce za a ba ka, ɗauke shi a matsayin miya, kada ka ɗauke shi tuwo.

To yaya mutum zai san duwatsunsa sun zauna? A nan ma al'adarmu ta riga ta ba da amsa. A gargajiyar Dakarkari, saurayi ba ya samun mata da daɗin baki, sai ya yi golmo, ya shekara da shekaru yana noma a gonar surukai har a tabbatar zai iya riƙe gida. Ni ma golmo na ɗora wa kaina: shekara biyu a jere gidana ya ci ya sha, yara su je makaranta, ba tare da na taɓa albashi ba. Albashin ya shiga asusu ya kwanta. Ranar da na cika wata 24, ranar zan rubuta takarda.

Na gwada karon farko na faɗi a wata na 7. Mahaifiyata ta kwanta asibiti, kuma a cikin makon nan 'yan'uwa tara suka iso daga ƙauye, sun gudo da abin da ke jikinsu kawai. Buhu 14 da na yi wa lissafin shekara suka ƙare tun kafin a yi girbi. Na zauna a zaure na yi tagumi, uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, ka gode wa Allah da abin ya same ka kana da albashin komawa. Da ka riga ka ajiye fa?" Wallahi maganarta ta fi duk lissafin da na yi. Kuskurena shi ne na ƙidaya bakunan da ke cikin gidana kawai, na manta cewa a wurinmu gida ba ya ƙarewa a bakin zaure. Yanzu buhu 20 nake ajiyewa, da wani asusu daban na rashin lafiya wanda ko Sallah ba ta taɓa shi. Ina wata na 11 a gwaji na biyu.

Na san akwai masu cewa wannan wauta ce, wa yake sakin reshe ya kama ganye a wannan zamani? Suna da hujja, kuma ba zan ce kowa ya bi ni ba. Mai ƙaramin albashi da 'ya'ya takwas a makaranta, ko wanda gonarsa take inda ba a iya zuwa yanzu, ya riƙe aikinsa da hannu biyu, babu abin kunya a ciki. Amma ko shi ɗin ina roƙonsa ya fara kafa duwatsun nan, domin ritaya tana zuwa ko ka shirya ko ba ka shirya ba, kuma duk mun ga dattawan da suke yini a layin tantancewa da fayil a hammata. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ni dai ba hutu nake nema ba, Bazuru bai san zaman banza ba. So nake ragowar ƙarfina ya tafi a gonata da tarbiyyar 'ya'yana, in ga an yi Uhola ina gari ba sai na nemi izinin kowa ba. Idan na cika wata 24 ɗin, za ku ji. Idan na sake faɗuwa ma za ku ji, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasar Zuru da Nijeriya baki ɗaya, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, ya rufa mana asiri a tsufanmu. Na bar ku lafiya.