Tarwaɗa Ta Fi Kwalbar Gwaji Sanin Kogin Jakara

Mutane kan ɗauka cewa muddin ba a ga matattun kifaye suna yawo a saman ruwa ba, to kogi lafiya lau yake. Wannan zato ya daɗe yana rufa wa masana'antun Kano asiri. Rafin Getsi na kwaso dagwalon Bompai ya zuba a Jakara, Jakara kuma ta gangara da shi madatsar ruwan Wasai, inda masunta ke neman abinci. A kudancin birni, dagwalon Sharaɗa da Challawa a Kogin Challawa yake ƙarewa. Kamfanonin jima da gishirin kuromiyom suke gyara fata, ga kuma dalma da kadmiyom daga wasu sana'o'in.

Ƙazantar gida takan ruɓe, amma ƙarfe ba ya ruɓewa. Kwanciya yake yi a cikin lakar ƙasan kogi, ya shekara yana jira. Kifi na shan sa ta jajayen sassan nan na gefen kai da yake numfashi da su. Sai su kumbura, yauƙi ya lulluɓe su, numfashi ya yi wuya, gishirin jininsa ya rikice. Abin da ya wuce ciki kuwa hanta da ƙoda ne ke tara shi. Irin wannan kifi ba ya mutuwa nan take: girmansa ne ke tsayawa, cuta ta riƙa kama shi cikin sauƙi, ƙwansa da yawa su ƙi ƙyanƙyashewa. Masunci dai zai ga taru na fitowa da sauƙin nauyi, ya ɗora laifin a kan ƙarancin damina.

Tarwaɗa, mai kiwo a cikin laka, ita ke kwana a inda gubar ta taru, kuma juriyarta ce ke yaudarar mai saye, domin da ranta take isa kasuwa. Suya ko banda ba sa fitar da ƙarfe daga jikinta.

Saboda haka ɗibar ruwa a kwalba jefi-jefi bai isa shaida ba. Ambaliya ɗaya na iya sirka shi sakamako ya fito fes. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ya kamata ta riƙa gwada laka da hantar kifi, musamman da rani lokacin da ruwa ya ja baya, ta kuma bayyana sakamakon da Hausa. Kuɗin tace dagwalo a wuyan mai masana'anta yake, tun kafin ruwan ya bar harabarsa, ba a wuyan masuncin Wasai da za a wayi gari an hana shi jefa koma ba.