Wa Zai Rubuta Labarin Nguru?

'Yan'uwa marubuta, gaskiya ɗaci gare ta. Mun cika kasuwa da littattafan soyayya, alhali tarihin garuruwanmu yana bin tsofaffi kushewa.

Mu ɗauki Nguru. A 1930 layin dogo daga Kano ya isa garin, ya tuƙe a nan. Gyaɗa da fatu da ƙaro da shanu suka riƙa kwararowa, ana loda wa taragu. Daga baya aka kafa kamfanin matsar man gyaɗa. To, sai kuɗin fetur ɗin da aka tono a Oloibiri a 1956 ya rufe wa hukuma ido. Farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka durƙusar da manomi, manyan motoci suka ƙwace lodin jirgi. Mai ya kashe mai!

Kada wani ya ce mana wannan aikin malaman jami'a ne. Rahotannin Turawa suna jibge a ma'adanar tarihi ta Kaduna, amma babu muryar leburan tasha ko ta 'yan baranda a ciki. Sauran da suka rage sun tsufa. In ba mu je mun saurare su bana ba, baɗi ta'aziyya za ta kai mu.