Illar gashin daji ba dalilin yanke magani ba ce

A ɗakin magani nakan haɗu da majinyatan da suka daina zuwa gashin ciwon daji don fatarsu ta fara ƙuna. A ganina kuskure ne babba, domin tsallake ranaku yana ba ciwon damar farfaɗowa.

Yawancin illolin ana hango su tun da wuri, saboda inda hasken ya sauka nan suke fitowa. In wuya ake gasawa, baki yakan bushe. In mara ce, zawo yakan biyo baya. Fata kuwa takan canja a mako na 2 ko na 3.

Don haka ku tambayi likita kafin ranar farko. Wanda za a gasa wa wuya ya fara ganin likitan haƙori, ya kuma bar taba. Kada a shafa wa wurin komai sai da izini. In abin ya tsananta, ku zo mu ba da magani, amma a ci gaba da gashin.