Sharhi: Zafin waya da baƙin fensir

Duk mai waya ya san halinta da rana tsaka: kana cikin kiran bidiyo sai ka ji bayanta ya ɗau zafi kamar dutsen guga, ta fara nauyi, caji ya zube. Ɗalibaina sukan ɗora wa caja laifi. Wani sa'in haka ne, amma yawanci daga can ciki zafin yake tasowa.

'Yar ƙwaƙwalwar da ke sarrafa waya ba ta wuce faɗin farce ba. Ana lulluɓe ta da wani danƙo mai tauri don kada laima da ƙura su taɓa ta, kada kuma wuta ta tsallaka inda ba a so. To, danƙon da ke tare wuta shi ne kuma yake riƙe zafi, kamar mutum ya ƙudundune da bargo a watan Maris. Abin da masana ke nema shi ne mayafin da zai saki zafi amma ya hana wuta wucewa.

Nan girafin ya shigo. Asalinsa baƙin nan ne na cikin fensir, wato girafait. A 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov na Jami'ar Manchester a Ingila suka riƙa ɓare shi da salatif har suka samu falle ɗaya tal, suka ci kyautar Nobel a 2010. Sai an jera irin wannan falle wajen miliyan 3 kafin kaurinsu ya kai milimita 1. Yana kwashe zafi fiye da jan ƙarfe, shi ya sa tun 2018 kamfanin Huawei ya shimfiɗa shi cikin wayarsa Mate 20 X.

Sai dai fa girafin babban ɗan aiken wuta ne. In aka zuba shi da yawa cikin danƙon, faifayensa su taɓa juna, wuta ta samu hanya, waya ta ƙone. In ya matsi eriya, ya danne sabis. Dabarar ita ce a sa ɗan kaɗan yadda ba za su haɗu ba, ko a yi wa kowane falle riga da sinadarin da wuta ba ta bi. Aiki ne na awo da haƙuri, kuma masu ilimin kimiyyar sinadarai ke yin sa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Ana haƙo girafait a Mozambik da Madagaska, an kuma gano shi a Kambale kusa da Wa. Yana fita ɗanye, ya dawo mana a waya mai tsada. Yaranmu na Zango kuwa suna can ƙarshen layi: masu gyara a Tip Toe Lane, da masu tsintar matattun wayoyi. Ban raina sana'ar kowa ba, wallahi. Yaron da ke ɗaga ƙwaƙwalwar waya da iska mai zafi ya mayar ba tare da ya ɓata ta ba, yana da hannu da kai. Amma wa ya taɓa ce masa ana koyar da ilimin haɗa waɗannan kayayyaki a jami'ar KNUST ta Kumasi?

Kowace shekara, lokacin cike takardar zaɓen sakandare, ina ganin iyaye suna janye 'ya'yansu daga ajin kimiyya, wai da wuya, wai ba namu ba ne. 'Yan mata ma ba a ko tambayar su. Ina roƙon limamanmu da sarakunan Zango su sa maganar cikin huɗuba da zaman unguwa tun kafin takardun bana su fito, kwamitocin makarantun Islamiyya kuma su ware wa malamin kimiyya ko da awa biyu ranar Asabar.