Wa Zai Saya Wa Tsofaffinmu Magani?

Yau na ajiye labarin soyayya a gefe, domin akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato tsadar maganin tsofaffinmu a Gummi da Anka da Bukkuyum.

Hawan jini da ciwon suga ba kamar zazzaɓi ba ne da za a sha magani kwana uku a miƙe. Kullum ne, har ranar da ta Allah za ta kasance. To tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, darajar Naira ta faɗi, kamfanin GSK kuma ya sanar da tattara nasa ya nasa a watan Agustan shekarar, kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabo. Ku tsaya a bakin kowane kemis ku gani: dattijo zai miƙa takardar likita ta wata guda, a faɗa masa kuɗi, ya sunkuyar da kai ya ce a ba shi na kwana biyar. Wani ya riƙa raba ƙwaya biyu, wani ya koma wajen masu tallar magani da lasifika a kasuwa. Ƙarshenta ɓarin jiki ya shanye, a kwashe shi zuwa Sakkwato ko Gusau, a sayar da gonar da 'yan bindiga suka rage.

Za a ce ai akwai inshorar lafiya. Wace? Shirin NHIS da aka fara a 2005 ma'aikatan gwamnati ya fi amfana, su ma lissafin shi ne ma'aikaci da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Uwa da uba fa? Sai dai ka biya musu daban. Wallahi wanda ya tsara wannan bai san gidan Bahaushe ba, inda tsohuwa ce farkon wadda ake kai wa ƙwaryar tuwo.

A 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar NHIA, wadda ta tanadi asusun masu rauni, tsofaffi na ciki. Tun 2014 dokar lafiya ta ƙasa ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Zamfara ma tana da hukumarta, ZAMCHEMA. Madalla, amma doka a takarda ba ta sauke jinin kowa. Ni dai ina ƙalubalantar waɗannan hukumomi su fito su faɗa mana tsofaffi nawa suka yi wa rajista a ƙananan hukumomin nan uku, kuma a wane asibiti za su karɓi maganin.

A kai rajistar ƙofar hakimai da masallatan Juma'a, domin manomi ɗan shekara 70 ba zai cike takarda a intanet ba. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha ta biya wa marasa gata. A ajiye maganin hawan jini a ƙananan asibitocin ƙauye.

Mu ma 'ya'ya da sauranmu. Ana cin bashi a haɗa lefe akwati goma, alhali maganin Inna ya ƙare tun makon jiya. Haba jama'a! In da rai, layin nan na kemis yana jiran kowannenmu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.